Maganin ne ya juya min kai, ko dama ciwon yana jikina?

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai ni bango. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Bara, wata biyu bayan rasuwar mahaifinmu, na shiga wani hali. Abinci ba ya shiga, ba na son ganin kowa, in na dawo daga makaranta sai in shige ɗaki in saki labule. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, shi ke nan barci ya tafi. Aka kai ni wani asibiti, likita ya saurare ni bai fi minti biyar ba, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta min amitiriftilin. Sati biyun farko na ji daɗinsa, barci ya dawo. A na uku komai ya birkice. Na daina barci gaba ɗaya kuma ba na gajiya. Cikin dare nake wanke kayan gidan kaf, har labulaye. Na kwashi kuɗin adashe na mutum goma sha biyu da ke hannuna, na shiga kasuwa na jido atamfa da leshi, wai shago uku zan buɗe a rana ɗaya. Umma ta ce in na fara magana ko numfashi ba na tsayawa in yi. An fara kai ni ruƙiyya, daga baya yayanmu ya dage aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa, na yi sati uku a kwance.

A can aka ce baifola ce, wato ciwon da ke sa mutum ya tashi sama da ƙarfi da rashin barci, wani lokaci kuma ya faɗa cikin damuwa. Aka ɗora ni a kan olanzafin da Epilim. Yau wata takwas. Kilo 14 na ƙara, zoben hannuna sai yanke shi aka yi. In na taje kai gashi ne ke cika matajin, mai kitso ta ce gaban goshina babu abin kamawa. Hannuna yana rawa, in ina rubutu a allo sai alli ya dinga tsalle, yara suna kallo. Sallar asuba kuwa sai Umma ta yayyafa min ruwa.

Tambayata ita ce, ni kafin wancan maganin ban taɓa yin haka ba. Idan magani ne ya juya min kai, don me za a liƙa min sunan ciwon da ake cewa ba a rabuwa da shi, a ƙara min da wasu magungunan da ke rusa min jiki? An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Ina so in ajiye su. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya Malama. Ni dai in ta ni ce ki ajiye. Ƙanena shekara huɗu yana kan maganin asibiti, yanzu in kin gan shi sai kin yi hawaye. Wuya ya sandare, yawu yana dalala, tafiya kamar an sa masa mari. Yaron da ke buga ƙwallo har magariba. Tsakanin ciwon da maganin ban san wanne ya fi cin sa ba. Ke da bakinki kika ce magani ne ya fara jawo miki.

Hajiya Babba:
A'a ɗana, kada ka yanke mata hukunci da wuri haka. 'Yata, ki dakata masu sani su zo. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta.

Anti Nas:
Malama, sannu da ƙoƙari. Zan dawo kan tambayarki, amma akwai abin da ba zai jira ba, shi ne Epilim da wannan auren. Sinadarin da ke cikinsa, balfurowet, yana cutar da ɗan tayi. Cikin jarirai 100 da aka sha shi da cikinsu, kusan 10 ana haifarsu da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya ko tsagewar leɓe ko matsalar zuciya. Wasu 30 zuwa 40 kuma suna samun jinkirin magana da wahalar koyo. Shi ya sa tun 2018 a Ingila aka hana ba wa mace mai shekarun haihuwa shi, sai in tana kan tsarin hana ɗaukar ciki. Kuma ɓarnar ƙashin bayan a watan farko take faruwa, sau da yawa kafin mace ta ma san tana da ciki. Likitanki ya san an sa miki rana?

Malamar Aji Uku:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi Anti bai sani ba. Bai tambaya ba, ni kuma yayana yana zaune a gefe, kunya ta hana ni ɗauko zancen aure. To daga daren yau na bar shi.

Anti Nas:
Don Allah kada ki yi haka. Ba ki da ciki yanzu, babu abin da ke ƙona ki a daren nan. In kika tsinke shi lokaci guda, ciwon na iya tasowa ana tsakiyar hidimar biki. Sannu a hankali ake janye shi, ana sa wani a madadinsa, kuma wannan aikin likita ne. Abin da za ki yi, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki je cikin satin nan, ki roƙi Yaya ya jira a waje, ki ce wa likita: an sa min rana wata kaza, kuma ina son haihuwa. Jimlar nan kaɗai za ta canja yadda zai tsara miki magani.

Ɗan Famasi:
Ina goyon bayan Anti Nas ɗari bisa ɗari a kan wannan. Amma tambayar Malama ta asali tana da ƙarfi, kada mu binne ta. Sanannen abu ne cewa magungunan damuwa suna iya tayar da mutum sama, kuma tsofaffin irin amitiriftilin sun fi sababbin yin haka. Ba su kaɗai ba ma. Furedinisolon da deksametason suna yi, tiramadol yana yi, wiwi tana yi, har ciwon maƙoƙo in sinadarin tayirod ya yi yawa yana kama da haka. Ni a ganina in abu ya taso sati uku da fara ƙwaya, ƙwayar ce abar tuhuma ta farko. Ina tsoron yadda ake saurin rubuta wa mutum baifola a kati, alhali sunan nan zai bi shi har wurin neman aure da neman aiki.

Amaryar Bara:
Abin da Ɗan Famasi ya faɗa ni ya faru da ni. Ana saura wata biyu bikina ƙawaye suka ce na rame, aka kawo min ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. Fuskata ta cika, kowa yana yabawa. Sai barci ya ɗauke, na koma faɗa da kowa, har na zagi ƙanwar mahaifina a gaban mutane, abin da ko a mafarki ban taɓa yi ba. A asibitin farko aka ce baifola. A na biyu wata likita ta ce a zazzage mata jakata a kan tebur, ta ɗauki ledar ta ce a binciko mene ne. Deksametason ne a ciki. Aka janye min shi a hankali, don shi ma ba a tsinke shi, aka ba ni maganin kwantar da kai na ɗan lokaci. Yau shekara ɗaya da rabi ba na shan komai, lafiyata ƙalau. Don haka Malama, kuskure yana faruwa. Ki nemi a sake duba ki.

Ɗan Kurmi:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Dokta:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na tarar da zancen. Ba zan iya yanke wa kowa ciwo ta waya ba, kuma likitan da ya gan ta a kwance ya fi ni sanin halin da ta shiga. Amma zan faɗi yadda muke tunani a kan irin wannan, don Malama ta san abin da za ta tambaya.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna baifola. Da labari ake gano ta, labarin mara lafiya da na waɗanda suke kwana gida ɗaya da shi. Hawa mai ƙarfi shi ne mutum ya yi aƙalla kwana 7 ransa a sama ko a fusace, ƙarfi ya ƙaru, barci ya ragu ba tare da gajiya ba, magana ta yi yawa, ya dinga jin ya fi kowa, ya yi ta'adi da kuɗi ko da mutuncinsa. In har ta kai an kwantar da shi, ba a ma ƙirga kwanakin. Akwai ƙaramin hawa na aƙalla kwana 4, wanda bai kai ga rusa al'amura ba, kuma shi ne ke ɓuya, don mai shi ba ya kawo ƙara. Wa zai je asibiti ya ce ina jin daɗi da ƙarfi? Sai ya faɗo cikin damuwa yake zuwa, a ba shi maganin damuwa shi kaɗai. Haka mutane ke yin shekaru kafin a gano ainihin abin da ke damunsu.

Maganar Ɗan Famasi gaskiya ce, amma akwai bambanci tsakanin Amarya da Malama. Deksametason yana iya hargitsa kan wanda ba shi da komai, in ya bar jiki abin ya tafi. Maganin damuwa kuwa dubban mutane suna sha ba ya tayar da su, waɗanda yake tayarwa sau da yawa dama akwai garwashin a ƙasa. Shi ya sa littafin gano cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka, bugun 2013, ya ce in hawan ya taso a kan maganin damuwa amma ya ci gaba da ƙarfinsa bayan maganin ya bar jiki, to a lissafa shi baifola. Malama, tambaya uku. Yaushe kika daina amitiriftilin, kuma kwana nawa hawan ya ci gaba bayan nan? Kin taɓa yin wasu kwanaki a baya da barci ya ragu ƙarfi ya ƙaru, ko da ba a ɗauke shi ciwo ba? A danginku akwai mai irin wannan?

Malamar Aji Uku:
Na gode Dokta. Ta farko zan iya amsawa. Ni da kaina na watsar da shi a kwana na huɗu da fara abin, don ji nake na warke, na fi kowa lafiya. Bayan nan na ƙara sati guda a gida ina abin da nake yi, a asibiti ma sai da na kusa sati biyu kafin in dawo hayyacina. Sauran biyun ban sani ba. Bari in tambayi Umma.

Ɗan Famasi:
To in haka ne kusan sati uku ke nan babu ƙwayar. Amitiriftilin ba ya daɗewa haka a jiki, cikin 'yan kwanaki zuwa sati yake fita. Na sassauta matsayina, ko da yake har yanzu ina ganin minti biyar ɗin da aka ba ta a asibitin farko shi ne tushen ɓarnar. Da an tambaye ta tarihinta da na gidansu, wataƙila da ba a ba ta shi shi kaɗai ba.

Almajirin Malam:
Ni abin da ke damuna, duk an taru a kan ƙwaya, an manta da cewa akwai shafar aljanu da sihiri da kambun baka. Yarinya an sa mata rana, mahaifi ya rasu, sai ga wannan. Ba a tunanin hannun mutane? Malama ki riƙe azkar na safe da yamma, ki koma ruƙiyya.

Baban Tagwaye:
Malam, azkar kam babu mai jayayya da kai, ni ma ban taɓa sakin su ba. Amma bari in ba da nawa labarin, don ni na bi hanyar da Malama ke son bi, na san inda take ɓullewa.

Shekarata 11 da sanin ina da wannan ciwon. Tela ne ni. Hawana na farko ana saura sati biyu Ƙaramar Sallah ya zo, lokacin da dama ba ma barci saboda ɗinki, shi ya sa babu wanda ya farga da wuri. Na karɓi ɗinkin da mutum biyar ba za su gama ba, na yanka shaddojin mutane ban ɗinka ko ɗaya ba. Wata uku aka yi ana yawo da ni wurin masu magani, an yi hayaƙi, an yi rubutu, wani wuri har ɗaure ni aka yi. Tabon yana ƙafata har yau. Da aka kai ni asibiti aka ɗora ni a kan litiyam, cikin sati uku na gane matata da kyau, na tambayi ina kekena.

Litiyam ya zo da nasa. Ƙishirwa kamar na haɗiyi gishiri, fitsari sau huɗu cikin dare, ga rawar hannu. Ku yi tunanin tela da rawar hannu, zare ma sai yarona ya zura min a allura. Bayan shekara biyu lafiya lau, na ce ai na warke, na ajiye ban gaya wa kowa ba. Watan farko na ji kamar an sauke min dutse daga ka. Hannu ya tsaya, jiki ya yi sakayau. A wata na huɗu na sayar da kekuna biyu da injin aiki na tafi Legas wai zan buɗe kamfani. Da na faɗo daga wannan hawan, damuwar da ta biyo baya ita ce mafi munin abin da na taɓa gani a rayuwata, har na fara tunanin da ba na son in rubuta shi a nan. Matata ce ta lura ta kwana a zaune a bakin ƙofa, da safe ta kira yayana.

Abin da ya fi yi min ciwo, da na koma na gaya wa likita dalilina, sai ya ce me ya hana ka faɗa? Ya auna jinina, ya rage adadin kaɗan, ya ƙara min wata ƙaramar ƙwaya, furofanolol, rawar ta ragu har ina zura zare da kaina. Abin da na rusa shagona a kansa, ashe gyaransa bai fi zama ɗaya ba.

Almajirin Malam:
Allah ya ƙara lafiya Baban Tagwaye. Ni ban ce a ɗaure kowa ba, wannan zalunci ne, ba ruƙiyya ba ce. Kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abin da nake cewa kada a raina ɗayan ɓangaren.

Anti Nas:
A kan wannan mun haɗu Malam. A ɗakinmu babu wanda ke hana dangi yin addu'a ko tofi. Abin da muke roƙo shi ne kada a ce wa mara lafiya sai ya zubar da ƙwayarsa kafin addu'a ta ci. Wannan kalmar ta dawo mana da mutane da yawa a cikin mummunan hali.

Hajiya Babba:
Baban Tagwaye, ya kake yi da azumi? Jikata ma litiyam aka ba ta, bara da zafin nan ta sha wahala ƙwarai.

Baban Tagwaye:
Hajiya, wannan babbar magana ce. Litiyam tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke zama guba kaɗan ce. Ni ana riƙe ma'aunin nawa a jini tsakanin 0.6 da 0.8, in ya haura 1.5 an shiga haɗari. Ana ɗibar jinin awa 12 bayan shan na dare. Duk abin da ya busar da ruwan jiki yana ɗaga shi: zafin bazara, gumi, zawo, amai, doguwar ƙishirwa. Alamar ya yi yawa ita ce rawar hannu ta tsananta, tafiya ta zama ta mai maye, harshe ya yi nauyi, ga amai da zawo. In an ga haka asibiti kai tsaye, ba a ƙara shan wani. Ni kafin kowane Ramadan nake zuwa a auna ni, a duba ƙoda da tayirod. Shekarun da likita ya ce in yi, na yi, ina cika ciki da ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Shekara biyu ya ce kada in yi, na tambayi malamai suka karanta min ayar Suratul Baƙara da ta yi wa mara lafiya rangwame, na rama da sanyi. Wani abin kuma shi ne barci. Goman ƙarshe ba na raba dare gaba ɗaya, don rashin barci shi ne ƙofar da hawana ke shigowa.

Ɗan Famasi:
In ƙara a kan na Baba: mai shan litiyam ya guji ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake saya a kemis kamar gyaɗa. Suna hana ƙoda fitar da shi. Farasitamol ya fi aminci. Wasu magungunan hawan jini ma, musamman masu sa fitsari, suna ɗaga shi. Duk inda za a rubuta mata magani ta fara cewa ina kan litiyam. Tsohon magani ne, tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna amfaninsa, kuma har yau yana cikin waɗanda aka fi tabbatar da cewa suna rage haɗarin mutum ya hallaka kansa. Matsalarsa a wurinmu ita ce ba kowane gari ake samun gwajin ba.

Malamar Aji Uku:
Na dawo. Na zauna da Umma bayan isha'i, kuma wallahi jikina ya yi sanyi. Ta ce lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi, ina da shekara 21, na yi kamar sati ɗaya ba na barci sai awa biyu, na rubuta wa 'yan ajinmu uku aikinsu na ƙarshe ban karɓi ko sisi ba, na rabar da rabin kayan sawata. Ni abin da nake tunawa shi ne lokacin ina da himma. Ita kuma ta ce tun a lokacin gabanta ya faɗi, don ta ga idona irin na Baffa. Ashe ƙanen mahaifinmu da ke ƙauye, wanda ake cewa iska ke taɓa shi, duk bayan 'yan shekaru sai ya tashi ya sayar da gona ko shanu ya yi ta rabon kuɗi, daga nan ya shige ɗaki wata da watanni ba ya magana. Ban taɓa haɗa shi da kaina ba. Umma ta ce ba ta gaya wa likita ba don kada a ce abin na gado ne, maganar aurena ta lalace.

Ban san me nake ji ba yanzu. Wata takwas ina riƙe da cewa laifin ƙwaya ne.

Dokta:
Malama, abin da kika yi a daren nan ya fi duk wani gwaji da za a yi miki. Ki kai wa likitanki shi yadda kika rubuta shi a nan. Kada kuma ki ga laifin Umma, tsoron da ya rufe mata baki tsoro ne na gaske a cikin al'ummarmu. Ciwon yana bin jini, amma ba dole ba ne ɗan mai shi ya same shi, mafi yawan 'ya'yan ba sa samu. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke da shi a 2019.

Yanzu illolin. Kasancewar ciwon gaskiya ne bai mai da kokenki ƙarya ba. Kilo 14 a wata takwas ba abin da za a ce ki yi haƙuri da shi ba ne. Olanzafin yana buɗe ciki sosai, yana iya kai mutum ga ciwon suga da hauhawar kitse a jini, Epilim ma yana ƙara ƙiba, an haɗa miki biyu. Ki nemi a auna sugarki kafin karyawa, da kitsen jini, da hanta. Zubar gashi da rawar hannu sun fi kama da aikin Epilim, kuma gashin yakan dawo in an rage ko an canja. Nauyin barci na olanzafin ne, wani lokaci matsar da shi zuwa bayan magariba ko rage adadin yana gyarawa. Akwai wasu zaɓuɓɓuka. Lamotirijin ba ya sa ƙiba, ya fi ƙarfi wajen tare damuwa fiye da hawa, kuma da kaɗan-kaɗan ake fara shi saboda ƙurajen fata masu haɗari. Arififirazol ƙibarsa kaɗan ce amma yana sa wasu su kasa zama wuri ɗaya. Litiyam shi ma yana da nasa haɗarin ga ciki, bai dai kai na Epilim ba, kuma yana son sa ido. Tegretol yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Kowanne da kuɗin da ake biya, sai a zauna da ke a zaɓa. Ki sani kuma, makonnin bayan haihuwa su ne lokacin da ciwon ya fi tasowa ga mata, don haka tun yanzu ake shirya musu.

Ɗan Kurmi:
Dokta duk na ji, amma a zauna da wa? Mu in mun je tun asuba muke layi, a kira mu azahar, kafin ka gama gaisuwa an miƙo maka takarda. Shekara huɗu babu wanda ya taɓa tambayar yaron nan ya yake ji da maganin.

Anti Nas:
Ba zan musa maka ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, wasu kuma kullum ficewa suke yi. Manyan asibitocin irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri jihohi da yawa suke ɗauka. Amma wannan ba hujjar a bar ƙanenka yana zubar da yawu ba ce. Abin da ka kwatanta, sandarewa da tafiyar ɗaure da yawu, ya yi kama da illar tsofaffin magunguna irin halofiridol ko Largactil ko allurar wata-wata, waɗanda ake yawan bayarwa don sun fi araha. Yana gyaruwa. Ana rage adadi, ko a canja, ko a ƙara Artane na wani lokaci. Kada dai ku sayo Artane da kanku, ka san yadda matasa suka mai da shi kayan maye. Ka kuma duba bakinsa: in yana motsa leɓe ko harshe kamar mai tauna alhali babu komai a ciki, ka faɗa da wuri, don wannan in ya daɗe yana iya zama. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta tanadi haƙƙin mara lafiya a kan jinyarsa. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ka rubuta abubuwa uku da suka fi damunsa a takarda, kana shiga ka miƙa kafin a fara rubutu.

Amaryar Bara:
Malama, angon fa? Ya sani?

Malamar Aji Uku:
Ya san na kwanta asibiti, an ce masa zazzaɓi ne ya taɓa min kai.

Hajiya Babba:
'Yata, ni tsohuwa ce, na ga aure da yawa. Abin da aka ɓoye kafin ɗaurin aure a ɗakin miji yake fitowa, kuma a lokacin ba ciwon ake jin haushi ba, ɓoyewar ake ji. Ki gaya masa, amma ba ke kaɗai ba, ki sa yayanki a tsakiya.

Ɗan Kurmi:
Hajiya in ya gudu fa? Mutanenmu da sun ji asibitin ƙwaƙwalwa shi ke nan.

Baban Tagwaye:
Zai iya gudu, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma mijin mai wannan ciwon shi ne zai fara ganin ta kwana biyu ba ta yi barci ba. In bai san ma'anar hakan ba, murna zai yi ya auri mace mai himma, har sai abin ya fi ƙarfinsu. Ni matata ce ke riƙe da katin asibitina, ita ke cewa Baban Tagwaye, jiya da shekaranjiya ƙarfe biyu ka kwanta, gobe mu je.

Malamar Aji Uku:
Salamu alaikum, na dawo da bayani, na yi yadda Anti Nas ta ce. Na je ranar Talata. Na roƙi Yaya ya tsaya a waje, na miƙa wa likita takardar da na rubuta, har da labarin Baffa da na kwaleji. Ya karanta sau biyu, ya ajiye biro. Ya ce baifolar tana nan, amma Epilim ba zai bi ni gidan miji ba. An ɗebi jini. Za a fara janye shi a hankali cikin makonni, olanzafin kuma in dinga sha bayan magariba, in koma bayan sati biyu da sakamakon mu yi maganar abin da zai maye gurbinsa. Ya ce in zo da wanda zan aura in na amince. Yaya zai same shi ranar Juma'a bayan masallaci. Ku sa ni a addu'a, gabana yana faɗuwa.

Ɗan Kurmi:
Allah ya sa a dace Malama. Na duba ledar ƙanena, halofiridol ne, kuma na lura da bakin nasa, yana wannan taunar da Anti ta faɗa. Ranar Litinin zan kai shi. Anti, in tafi da kwalayen ne ko sunan ya isa?

Anti Nas:
Ka tafi da komai, har na gargajiyan da yake sha da katin allurarsa in yana da shi. In ka samu dama ka ɗauki bidiyon bakin nasa da tafiyarsa a waya, don wani lokaci a gaban likita abin yakan lafa.